Ƙuri'a 289: shin a bi ɗan takarar da zai ci, ko wanda ra'ayinku ya zo ɗaya?

Maman Sadiq (San Antonio):
Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya mun ja da Baban Sadiq har tuwo ya huce, kuma har yanzu ba mu gama ba, shi ya sa na kawo maganar nan ko a samu mai raba mu.

Wanda bai san mazaɓarmu ba, ita ce ta 28 ta Majalisar Wakilan Amurka a jihar Tekzas, a taswirar 2022 ta taso daga Laredo a bakin iyakar Meziko har ta taɓo gefen San Antonio inda muke zaune. A Mayun 2022 aka yi zagaye na biyu na zaɓen fidda gwani na Dimokrat tsakanin Henry Cuellar, wanda ke kan kujerar tun zaɓen 2004, da Jessica Cisneros, lauyar baƙin haure da ba ta kai talatin ba, wadda ta taɓa koyon aiki a ofishinsa. Cuellar shi kaɗai ne ɗan Dimokrat a Majalisar Wakilai da ya ƙi kaɗa wa ƙudirin kare 'yancin zubar da ciki ƙuri'a a Satumbar 2021. Ranar 2 ga Mayun 2022 daftarin hukuncin Kotun Ƙoli ya ɓulla, kowa ya ga za a soke hukuncin Roe na 1973, wanda ya ba da 'yancin zubar da ciki a duk Amurka. Kwana biyu kacal bayan haka sai ga Jim Clyburn, na uku a manyan Dimokrat na majalisar a lokacin, ya sauka San Antonio yana yi wa Cuellar kamfen. Nancy Pelosi, kakakin majalisar a lokacin, ita ma tana bayansa. A ɗaya ɓangaren jagororin masu neman sauyi, Bernie Sanders da Elizabeth Warren da Ocasio-Cortez, suna tare da Cisneros.

Ni na zaɓi Cisneros, maigida ya zaɓi Cuellar. Ƙuri'unmu suka kashe juna a gida ɗaya. Da aka sake ƙirge, Cuellar ya ci da ƙuri'a 289. Jiya kuma maigida ya sake tono zancen, wai lokaci ya ba shi gaskiya. Ni ban yarda ba. Ku me kuka gani?

Alhaji na Bronx:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ki yi haƙuri, amma ina bayan mijinki. Kuma ba don mu maza ba ne.

Dubi 2024. Trump ya ci wannan mazaɓar taku. Ya ci gundumar Webb inda Laredo take, ya ci gundumar Starr wadda ta fi shekara ɗari ba ta zaɓi ɗan Rifablikan ba. Amma Cuellar ya tsira da kujerarsa, alhali yana ɗauke da tuhumar cin hanci a wuyansa tun watan Mayu na shekarar. Mutanen wurin Katolika ne, 'yan asalin Meziko, da yawansu aikinsu a harkar mai da iskar gas ko tsaron iyaka. Ki kawo musu yarinyar da Ocasio-Cortez ke ɗaga wa hannu, ki ga ko za ta kai labari. Da babu gara ba daɗi.

Abba Minnesota:
Baba Alhaji, da girman kujerarka, wannan hujjar ita ce kullum ake rufe mana baki da ita. "Shi ne zai iya ci." To ya ci ya yi me? Ranar da jam'iyya ta fi buƙatarsa ya koma ya tsaya da 'yan adawa. Kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne, a makon da suke turo mana saƙo a waya suna roƙon dala biyar biyar wai don a ceto 'yancin mata, a makon nan ne shugabanninsu ke Tekzas suna tallan mutum ɗaya tilo da ya ƙi ƙudirin. Idan ba raina wa mutane hankali ba, me ake kiran wannan? Hukumar FBI ma ta binciki gidansa tun Janairun 2022, duk da haka suka rungume shi.

Alhaji na Bronx:
Ɗana, ƙudirin nan ai ya wuce a Majalisar Wakilai ko da babu ƙuri'arsa, 218 da 211. A Majalisar Dattawa ya mutu. Ƙuri'ar Cuellar ba ta hana komai ba. Amma kujerarsa tana shiga lissafin wa zai riƙe majalisa, wa zai shugabanci kwamitoci. Kun tsine wa Sanata Joe Manchin na Dimokrat shekara da shekaru don yawan saɓa wa jam'iyya, ya tafi, yanzu Jim Justice na Rifablikan ke kan kujerar West Virginia. Ina ribar?

Maman Sadiq (San Antonio):
Alhaji, na ji lissafinka, kuma shi ne lissafin Baban Sadiq harafi da harafi. Bari in faɗa muku nawa, don ni ba daga littafin siyasa na ɗauko shi ba, daga ɗakin haihuwa na ɗauko shi. Nas ce ni, shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki a nan, kafin nan na yi a Zariya.

Da farko a fahimce ni: ni Musulma ce, ban taɓa ba wa wata mace shawarar ta zubar da ciki don ba ta shirya ba, kuma ba zan yi ba. Amma mutane ba su gane cewa maganin da ake ba mai ɓari da aikin wankin ciki, su ne dai waɗanda ake amfani da su wajen zubar da ciki ba. Kayan aiki ɗaya, hannu ɗaya. Tun da dokar SB 8 ta jihar Tekzas ta fara aiki ranar 1 ga Satumbar 2021, wadda ta ba kowane mutum damar kai ƙarar wanda ya taimaka aka zubar da ciki bayan kusan mako shida ya karɓi aƙalla dala 10,000, sannan dokar 2022 ta zo da barazanar ɗaurin rai da rai da tarar aƙalla dala 100,000 da ƙwace lasisi, sai likitoci suka koma kallon lauya kafin su kalli majinyaciya.

Na tsaya a kan wata mata da faya ta fashe mata ciki bai kai wata biyar ba. Kowa a ɗakin ya san jaririn ba zai rayu ba. Amma zuciyarsa tana bugawa, don haka aka ce a jira. Jiran me? Jiran zazzaɓi ya tashi, ƙwayoyin cuta su shiga jini, a samu abin rubutawa a takarda cewa rayuwarta na cikin haɗari. Ina auna mata zafin jiki duk bayan ɗan lokaci, ina addu'ar Allah Ya sauƙaƙa, can cikin zuciyata kuma na san sai abin ya tsananta za a taɓa ta. Wallahi a Zariya ban taɓa ganin haka ba. Dokar Penal Code ta Arewa ma ta hana zubar da ciki sai don ceton ran uwa, amma likita ba ya tsayawa jiran lauya a irin wannan hali.

Idan kuna ganin labarina ne kawai, ku nemi na Amanda Zurawski, wadda ta kai ƙarar jihar Tekzas bayan irin wannan ya kai ta ɗakin masu rai kwakwai mutu kwakwai, ko na Kate Cox da Kotun Ƙolin jihar ta hana a Disambar 2023 har sai da ta bar jihar. To da wannan a idona zan shiga rumfar zaɓe in dangwala wa Cuellar?

Baban Ummi (Detroit):
Innalillahi. Allah Ya saka miki, Hajiya, aikinku ba ƙarami ba ne.

Ina so in ɗan tsoma baki ta fuskar addini, domin na ga a wani zauren ana cewa wai duk Musulmin da ya zaɓi mai goyon bayan wannan abu ya yi tarayya cikin kisan kai. A yi hattara da irin wannan fatawa ta kan titi. Mu da muka tashi a mazhabar Malikiyya mun san tana da tsanani, mashhurin zance a cikinta shi ne hani tun daga lokacin da ciki ya shiga. Amma da yawa cikin malaman Hanafiyya sun yi rangwame kafin kwana 120, lokacin busa rai kamar yadda ya zo a hadisi, idan akwai uzuri. Kuma idan ran uwa ne a kan layi, malamai suna gabatar da uwa. Don haka ra'ayin da 'yan Ebanjelika ke turawa a majalisun jihohi ba fiƙihunmu ba ne, dokar Tekzas ko fyaɗe ba ta ware ba. Haka kuma taken ɗaya ɓangaren, na cewa jikin mace nata ne ta yi yadda ta so har ƙarshe, shi ma ba namu ba ne. Mu baƙi ne a rigimar nan ta kowane gefe.

Sai dai ina da tambaya ga Abba. Idan jam'iyya ta ce duk wanda ba ya goyon bayan zubar da ciki ba shi da wurin zama, ni da kai da iyayenmu a ina za mu zauna?

Abba Minnesota:
Malam, ba wanda ya ce mai zaɓe ya fita. Maganar ɗan takara ake. Kai ka riƙe aƙidarka a gidanka, amma wanda zai je ya yi wa mutum miliyan ɗari uku da ɗoriya doka, dole a tambaye shi inda ya tsaya. Biden kansa Katolika ne, ya shafe shekaru yana goyon bayan dokar Hyde ta 1976 da ta hana kuɗin gwamnatin tarayya biyan kuɗin zubar da ciki, amma a Yunin 2019 ya sauya da ya ga ba zai samu tikiti ba. Matsin lamba yana aiki. A Shikago ma an kayar da Dan Lipinski, ɗan majalisar Dimokrat mai adawa da zubar da ciki, a zaɓen fidda gwani na 2020, Marie Newman ta karɓi tikitin kuma ta ci zaɓen gama gari. Sama ba ta faɗo ba.

Kawu Santsi (Shikago):
Yaro, ni a nan nake zaune, mazaɓar Lipinski ko akuya ka tsayar da tutar Dimokrat a lokacin za ta ci. Kada ka haɗa ta da Laredo.

Amma ba wannan ya sa na yi magana ba. Tun ɗazu kake ambaton shugabannin jam'iyya da munafunci, bari in tuna maka da gwaninka. A Afrilun 2017 Bernie Sanders ya je Omaha ya hau dandamali yana tallan Heath Mello, mai neman magajin gari, wanda a majalisar jihar Nebraska ya taɓa mara wa ƙudirorin taƙaita zubar da ciki baya. Ƙungiyar NARAL mai fafutukar 'yancin zubar da ciki ta yi wa Sanders ca. Sanders ya kare kansa da cewa a jihohi irin waɗannan ba za a kori mutum don saɓani a kan batu ɗaya ba. Tom Perez, shugaban jam'iyya na lokacin, shi ne ya fito yana cewa wannan batu ba abin sasantawa ba ne. Mello ya faɗi zaɓen. Shekara biyar bayan haka sai aka yi musayar riga: Sanders na Tekzas yana cewa a kori Cuellar, manyan jam'iyya kuma suna cewa rumfarsu mai faɗi ce, kowa ya shigo.

Ka ga ke nan? Idan ɗan takarar naka ne, batun zubar da ciki "batu ɗaya ne kawai". Idan na abokin hamayya ne, sai ya zama aƙida. Ainihin faɗan a kan wa zai riƙe jam'iyya ne, matan da Hajiya ke jinya sanda ce kawai da kowa ke ɗauka idan ta yi masa daidai.

Ni na ga irinsa da idona. Ina saurayi a Kano lokacin da PRP ta dare biyu, 'yan Taɓo suna tare da Malam Aminu, mu 'yan Santsi muna bin Rimi da Balarabe Musa. Kowane ɓangare yana rantsuwa shi ne mai kishin talaka na gaskiya, ɗayan ya sayar. Muna cikin jifan juna, NPN ta tsige Balarabe a Kaduna a 1981. Har yau akwai abokin da ba ma gaisawa sosai.

Alhaji na Bronx:
Kawu ya gama magana. A rufe zaure a tafi.

Maman Sadiq (San Antonio):
A'a Alhaji, kada ka yi saurin naɗe tabarma, Kawu bai ba ka gaskiya ba, kowa ya mara. Kuma Kawu, na yarda manya suna wasa da batun, amma ni da na kaɗa ƙuri'ar ba wasa nake ba.

Ga abin da ke ɗaure mini kai a hujjar "shi ne zai iya ci". Duk inda aka cire sunan ɗan takara aka tambayi mutane kai tsaye, amsar takan ba da mamaki. Kansas, jihar Rifablikan ta gidi, a Agustan 2022 kusan kashi 59 suka ƙi yarda a cire kariyar 'yancin zubar da ciki daga tsarin mulkin jihar. Kentucky ta bi sahu a Nuwambar shekarar. Ohio ta sa kariyar cikin tsarin mulkinta a 2023. To idan mutanen Kansas ba su gudu ba, wa ya ce mutanen Laredo za su gudu?

Baban Ummi (Detroit):
Hajiya, wannan hujjar taki tana da kaifi biyu. A 2024 mutanen Arizona sun amince da kariyar da sama da kashi 60, a takardar nan kuma suka zaɓi Trump. Missouri ma ta amince da kariyar, ta kuma zaɓi Trump. A Filorida kashi 57 suka ce e, ba ta dai kai kashi 60 da doka ke nema ba, Trump kuma ya lashe jihar da tazara. Wato mutum yana iya yarda da ke a kan wannan batu ɗari bisa ɗari, ya juya ya ƙi ɗan takararki saboda kuɗin haya da farashin ƙwai. Kamala Harris ta ɗora kaya mai yawa a kan wannan jakin, bai kai ta gida ba.

Abba Minnesota:
Malam, tun da kai ka kawo 2024, ina da tambaya, kuma don Allah kada ka ji haushi. Wa ka zaɓa?

Baban Ummi (Detroit):
Ba abin ɓoyewa ba ne. A Fabrairu ina cikin mutum sama da 100,000 da suka dangwala "ba kowa" a zaɓen fidda gwani na Dimokrat a Mishigan. A Nuwamba na zaɓi Jill Stein ta jam'iyyar Green. Ba zan iya sa hannuna ga masu aika bamabamai Gaza ba.

Abba Minnesota:
To ka gani. Ɗazu kana tambayata yaya za a yi jam'iyya ta kori mutum a kan batu ɗaya. Kai kuma ka kori jam'iyyar gaba ɗaya a kan batu ɗaya. Ban ce ka yi laifi ba, ni ma sai da na yi kwana uku ina juyi kafin na zaɓi Harris, kuma har yau ban ji daɗin abin ba. Amma abin da Gaza take a wurinka, shi ne ɗakin haihuwar nan yake a wurin Anti. A Dearborn, garin Larabawa da Musulmi da yawa a Mishigan, Trump ya zo na ɗaya, Stein ta kwashi kusan kashi 18. Masu lissafi irin na Baba Alhaji ai ku ma sun ce kun ƙona rumfa.

Baban Ummi (Detroit):
Ba ɗaya ba ne. Can ana kashe dubban yara da kuɗin harajina.

Abba Minnesota:
Mai adawa da zubar da ciki ma kalmar da zai faɗa maka ke nan, harafi da harafi.

Admin:
Jama'a a sassauta. Abba, Malam ya girme ka, a riƙa tauna magana.

Baban Ummi (Detroit):
Bar shi, Admin, bai zage ni ba. Ya taɓa inda ke ciwo ne. Zan yi tunani a kai, amma ban ce na sauya ba.

Hajiya Damagaram:
Salamu alaikum. Ni ba ni da ƙuri'a a Amurka, ɗana ne ya sa ni cikin zauren nan, kullum karatu nake ina shiru. Yau dai zan yi magana, don rigimar taku tana iso mu har nan.

Ungozoma ce ni, na yi aiki da wata ƙungiya mai kula da lafiyar mata a karkara. Akwai ƙa'idar da ake kira ta birnin Meziko, tun zamanin Reagan a 1984. Duk ƙungiyar waje da ke karɓar kuɗin lafiya daga Amurka sai ta sa hannu cewa ba za ta yi aikin zubar da ciki ko ta ba da shawara a kansa ba, ko da kuɗinta na wani wuri ne. Ɗan Rifablikan ya hau ya maido ta, ɗan Dimokrat ya hau ya cire. Trump ya maido ta a 2017 ya kuma faɗaɗa ta, Biden ya cire a 2021, Trump ya sake maidowa a Janairun 2025. Mu da aikinmu awon ciki ne da tazarar haihuwa da tsayar da jini bayan haihuwa, kowace shekara huɗu sai mun kasa kunne mu ji wa ya ci a Washintan kafin mu san ko motar da ke kai mu ƙauye za ta samu mai. Yanzu ma da aka rushe USAID zancen ya wuce nan.

Ba na ce ku zaɓi wane ba. Amma Malam na Detroit, lokacin da kake auna ƙuri'arka, mu ma muna kan sikelin ko ba ka gan mu ba.

Alhaji na Bronx:
Hajiya ta kawo abin da nake faɗi tun farko. Wanda ya riƙe mulki shi ke sa hannu. Tsarkin ra'ayi ba ya sa hannu a takarda.

Kawu Santsi (Shikago):
Alhaji, kai ma kada ka cika baki. Idan kullum aka ce wa mutane su haɗiye abin da ke ƙona su don a ci zaɓe, wata rana za su zauna a gida, kuma ka rasa zaɓen da ka yi hakan dominsa. An yi wani gwamna a Louisiana, John Bel Edwards, ɗan Dimokrat. Ya faɗaɗa inshorar Medicaid a 2016, dubban ɗaruruwan talakawa suka samu ganin likita, ciki har da mata masu juna biyu. Shi ne kuma ya sa hannu a dokar hana zubar da ciki daga jin bugun zuciya a 2019. Ka ɗora shi a sikeli ka gaya mini nauyinsa. Ni na gwada na kasa.

Maman Sadiq (San Antonio):
Kawu, da a Louisiana nake, tsakaninsa da ɗan Rifablikan, zan zaɓe shi, ba na ko tantama. Kuma in faɗi gaskiya, a Nuwambar 2022 da sunan Cuellar ya zo gaban na Rifablikan, shi na dangwala wa, ina toshe hanci. Abin da Baban Sadiq ya kasa ganewa ke nan. Zaɓen fidda gwani shi ne wuri ɗaya tak da ake tambayata me nake so, ba me zan iya jurewa ba. Idan can ma aka ce in yi lissafin abin da maƙwabcina zai jure, to yaushe za a ji tawa?

Alhaji na Bronx:
To ai kin dawo gida, Hajiya. A ƙarshe dai Cuellar kika zaɓa.

Maman Sadiq (San Antonio):
Na zaɓe shi a Nuwamba, na ƙi shi a Mayu, kuma idan aka sake tsayar da wata a gabansa zan sake ƙin sa. Baban Sadiq yana nan kusa da ni yana karanta duk abin da kuka rubuta, ya ce a gaya wa Alhaji ya gode, a gaya wa Abba kuma zai kira shi da kansa. Ni zan shiga aikin dare, sai da safe in duba.